Rariyar Jirgin Ubale

Ranar da ruwan Tiga ya ja baya har dutsen shanya na tsohon garin Ƙirya ya fito, Sha'aibu bai tsaya ko wanke ƙafa ba. Ya faɗo zauren mahaifinsa da taɓo har gwiwa.

"Baba, dutsen ya fito. Da idona na gan shi. Har tsuntsaye sun fara sauka a kai."

Ubale Maƙeri yana zaune a kan buzunsa, jikarsa Rumaisa tana dama masa fura. Shekarunsa sun doshi casa'in, yanar ido ta rufe masa gani tun bara waccan, amma kunnensa garau yake. Ya ɗaga kai wajen da muryar ta fito.

"Dutsen shanya? Wanda mata ke baza gero?"

"Shi fa. Shekara goma sha ɗaya rabon da ya leƙo."

"To uwar maƙerata ba ta da nisa ke nan," in ji tsohon. Ya miƙa hannu a ba shi ƙwaryar.

Babu wanda bai san labarin ba a Sabuwar Ƙirya. Shekara hamsin da suka wuce, da aka datse kogi ruwa ya fara cin gonaki, motoci suka kwashe mutanen garin zuwa tudu. Ubale ya ce a tafi da iyalinsa, shi zai biyo baya da kayan ƙira. Yana saurayi ya yi aiki a Riruwai wajen haƙar kuza, yana zuba wa wata tukunyar tururi itace, kuma a can ya ji labarin jiragen ƙarfe masu tafiya a kan ruwa. Sai ya ciro ƙyauren ɗakuna, ya fasa durorin da ya zo da su daga Riruwai, ya lulluɓe katakon da ƙarfe, ya yi jirgi. Bai taɓa shiga ko kwalekwale ba a rayuwarsa. Ya ɗora uwar maƙerar da ya gada daga kakansa, wato dunƙulen ƙarfen da ake dukan aiki a kai, da masaɓa, gudumar ƙira, da awartaki, ya ɗauki ɗansa na fari Mahmudu mai shekara goma, suka tura. Jirgin ya nutse a tsakiyar gari. Ubale ya fito da ƙyar, ruwa har wuya, yaron a kafaɗarsa. Daga ranar sunansa ya zama Ubale Mai Jirgi, kuma ba da yabo ake faɗa ba.

Abin da tsohon yake so yanzu ɗaya ne. A kai shi wurin, a ciro masa uwar maƙerar, ya taɓa ta kafin ya mutu. Sha'aibu ya san ruwa, don a bakinsa aka haife shi, kamun kifi yake yi kuma yana walda. Amma bai taɓa ganin tsohon garin a bushe ba. Ubale kuwa ranar nan ta kansa yake yi, bai duba gabas ko yamma ba. Mutum ɗaya ne ya ga inda jirgin ya kwanta, wanda yake zaune a bisa kafaɗa.

Mahmudu, mahaifin Rumaisa, ya dawo daga gonar rani da la'asar, ya ji zancen tun daga ƙofar gida.

"Ba inda za a kai shi," ya ce, yana kallon bango ba ƙaninsa ba. "Tsoho makaho a tsakiyar ruwa? Bai ishe mu ba abin da aka yi mana a garin nan?"

"Yaya, ba cewa aka yi ka nutsa ba. Nuni kawai za ka yi."

"Na manta."

"Ka manta? Kai da kake tuna ranar da akuyar Goggo ta ci maka dawa a shekarar farin dango?"

Mahmudu ya ɗauki butarsa ya wuce masallaci.

Shekara bakwai ke nan 'yan'uwan biyu ba su ci tuwo a kwano ɗaya ba. Abin ya fara ne ranar da Sha'aibu ya haɗa jirgin ƙarfensa na farko da injin walda, ya rubuta JIRGIN UBALE a gefensa da jan fenti. Shi a ganinsa ya wanke wa mahaifinsu suna. Mahmudu ya ce ya tono abin da ƙasa ta rufe. Tsohon kuwa ba ya shiga. Mahmudu ɗan fari ne, kuma Ubale mutumin da ne, yana jin kunyarsa yadda aka saba. Bai taɓa kiran sunansa ba, ba ya zama hira da shi. In zai ambace shi sai ya ce "mutumin nan". In yana son ya gaya masa magana sai ya gaya wa wani a kusa da shi.

Rumaisa ta dawo gida wata huɗu da suka wuce, bayan ta gama karatun tarihi a jami'a. Ba ta da yawan magana a cikin mutane, amma da kakanta bakinta a buɗe yake. Suna da wani wasa da suke yi kullum bayan la'asar, suna kiransa Da A Ce. Ita ta jawo shi ba da niyya ba, ranar da ta ba shi labarin jiragen Turawa masu jikin ƙarfe da tururi, waɗanda suka fara shigowa Kwara kusan shekara ɗari biyu da suka wuce. Sai tsohon ya ce, "To da a ce maƙeran Kano sun riga su fa?"

Tun daga nan suke ginin jirgin, kullum su ƙara masa wani abu.

Washegarin gardamar suka ci gaba. Sha'aibu ma ya zo ya zauna a bakin zaure yana gyaran koma.

"Amaryata, ina muka tsaya?" in ji Ubale.

"Mun sa masa sulken ƙarfe, Kaka. Mun ɗora tukunya. Ka ce gawayin ƙirya za ta ci."

"Ƙirya mana. Wane mahaukaci zai sa mata kara? To an tura shi a Kogin Kano. Ya wuce Wudil yana tari, mata suna zubar da wanki suna gudu. Ya kai Haɗeja. Ya shiga Chadi, ya ɗebo kanwa da busasshen kifi, kayan jaki ɗari biyu a tafiya ɗaya."

"Fatake za su yi maka bore," in ji Rumaisa. "Ka kashe musu sana'a."

"Sai mu ɗauke su aikin zuga wuta."

"Jakunan fa?"

"Su huta. Su ma bayin Allah ne."

Sha'aibu ya yi dariya har komar ta zame daga gwiwarsa. "Baba, da rani fa? Kogin Kano da rani yashi ne. Jirginka zai zauna a Wudil wata bakwai, masu albasa su yi shuka a inuwarsa."

"Kai ka yi shiru, ɗan kifi. Sai mu sa masa ƙafafu."

"Ina da tambaya," in ji Rumaisa. Ta gyara zama, don wannan tambayar ta daɗe tana cinta. "Koginmu gabas yake tafiya, ba ya haɗuwa da Kwara. Yaya jirginmu zai yi ya gamu da na Turawa?"

Tsohon ya ji daɗin tambayar, har ya tsotsi bakinsa. Ya ce a kwance shi falle-falle, a ɗora wa jakunan nan da suka huta, a haura da su duwatsun Riruwai, a sauka wancan gefen inda ruwa ke gangarawa kudu, a sake ɗaure shi. Ya ce Bature zai taho yana busa ƙahonsa, ya sha kwana, sai ya ga wani jirgi baƙi ƙirin yana hayaƙi, da maƙeri a kai yana taunar goro.

"Sai a yi yaƙi?"

"Yaƙin me? Sai a yi sallama. Ya nuna mini tukunyarsa, in nuna masa tawa. In ya zo ciniki a yi ciniki. Ai mutum ba ya raina wanda ya iya abin da ya iya."

Rumaisa tana sauraro, amma idonta yana ƙofa. Ta daɗe da lura da wani abu. Duk lokacin da aka fara Da A Ce, mahaifinta yakan samu wani aiki a gindin bangon zauren daga waje. Yau tiyon ban ruwa yake ɗaurewa da roba, tiyon da ta ga ya ɗaure shekaranjiya. Ba ya sa baki, ba ya dariya. Amma ba ya tashi sai an tashi. Ta sha tambayar kanta, mutumin da ya ƙi jinin jirgi, me yake zuwa ji?

Kwana uku aka yi haka. Kullum da yamma hadari yana haɗuwa ta kudu, can kan duwatsun Doguwa, ya yi baƙi ya watse. Sha'aibu ya ce da zarar an yi ruwa biyu a can, rafuka za su kawo shi, dutsen shanya ya koma inda ya fito.

Rana ta huɗu da hantsi Rumaisa ta kai wa baffanta abinci bakin ruwa. Ta tarar ya jawo jirginsa kan tudu, ya ɗaga gabansa da dutse, ruwa yana tsiyaya daga wata 'yar ƙofa a ƙasan bayansa.

"Baffa, jirginka ya huje."

"Ni na huda shi." Ya nuna mata wani guntun ƙarfe mai zare a tafin hannunsa. "In an fito da shi tudu sai a buɗe, ruwan ciki ya fita. In za a koma sai a murɗe. Kowane jirgin kirki yana da ita."

"In aka buɗe a tsakiyar ruwa fa?"

"Sai a yi ta salati."

Ta tsuguna tana kallon ruwan yana bin ƙasa a siririn layi, kamar yadda yake fita daga tsakar gidansu da damina. Ta tuna tun tana ƙarama, da an kece da ruwa tsakar gida ta cika, abin da ake fara ƙwala wa yaro shi ne ya je ya buɗe rariya. Ba a jira ma a faɗa. Yaron da ya ga ruwa ya taru bai zare tsumman da ya toshe rariya ba, shi ne ake ja wa kunne.

Da la'asar ta zauna gaban kakanta. Ta ji motsin tiyo a bayan bango. Ba ta saba tambayar da take tsoron amsarta ba, amma son sani ya fi ƙarfinta.

"Kaka, jirginmu na Da A Ce. In ruwa ya shiga ciki, ta ina yake fita?"

Tsohon ya gyara zama. Ya juya fuskarsa wajen ƙofa, kamar mai sauraron wani abu, sannan ya yi magana da murya sama da yadda ya saba.

"Ta rariya mana. Wa ya taɓa gina gida ba rariya? Na yi masa ita a ƙasa, na toshe da katako da tsumma. In an kai tudu a zare."

Motsin tiyon ya tsaya.

"To a jirgin namu akwai wani yaro," in ji Ubale. "Yaron kirki, ba a faɗa masa aiki sau biyu. Ana cikin tafiya sai ruwa ya fara shigowa ta bakin ƙusoshi, kaɗan-kaɗan, ya kai idon sawu. Mai jirgi yana can gaba yana fama da gora. Yaro ya duba, ya ga ruwa ya taru a tsakar gida, ga rariya a toshe. Me zai yi?"

"Zai buɗe," in ji Rumaisa a hankali.

"Zai buɗe. Abin da uwarsa ta koya masa ke nan. Da bai buɗe ba ma da na ce ba ɗan gidan nan ba ne."

Sha'aibu, wanda ya shigo a tsakiyar maganar, ya tsaya da koma a hannu, bakinsa a buɗe.

"Shi mai jirgin ya sani?" Rumaisa ta tambaya.

"Ya waiwaya ya ga tsumman a hannunsa. Ya sani tun kafin ruwa ya kai gwiwa."

"Me ya sa bai faɗa ba?"

"Ya faɗa wa wa? Gari? Su bar babba su koma yi wa yaro waƙa?" Tsohon ya shafa gemunsa. "Shi kuma yaron, da wane baki zai zaunar da shi ya ce masa kaza da kaza? Ba a yi mu haka ba. Ya ɗauka in an kwana biyu zai manta, yara suna mantuwa. Laifin mai jirgi ne, amaryata. Ya huda rami a ƙasan jirgi, ya sa ɗan tudu a kusa da shi, bai ce masa uffan ba. Shekara hamsin yana so a gaya wa mutumin nan haka."

Daga waje suka ji an ajiye tiyo a ƙasa, sannan takun ƙafa ya yi nisa. Rumaisa ta ji kamar ta bi shi, ta kasa tashi. Ta ji tsoron ko ta fasa abin da ba zai gyaru ba. A ranar mahaifinta bai ci tuwo ba.

Da gari ya waye, bayan an dawo daga masallaci, ta ji muryarsa a tsakar gida.

"Sha'aibu. Jirgin naka yana ɗaukar mutum huɗu?"

"Yana ɗaukar takwas, Yaya."

"Ka murɗe abin nan da kyau."

"Na murɗe."

"Sake dubawa."

Suka ɗauki tsohon a kan babur har bakin ruwa, suka zaunar da shi a tsakiyar jirgi a kan buzunsa. Rumaisa ta zauna a bayansa tana riƙe da shi. Sha'aibu ya kawo igiya da wani babban maganaɗisu da ya ciro daga tsohuwar lasifika. Mahmudu ya shiga a ƙarshe, ya zauna a gaba, ya kama gefen jirgin da hannu biyu. Rabonsa da hawa ruwa tun ranar nan.

Da suka kai dutsen shanya Sha'aibu ya kashe inji ya ɗauki filafili. Ruwa ne shimfiɗe ko'ina, launin ƙasa, sai wasu baƙaƙen kututturan ƙirya da suka leƙo nan da can. Rumaisa ba ta ga komai ba sai ruwa. Mahaifinta kuwa ya miƙe zaune yana dube-dube kamar wanda ya sauka a tasha.

"Bi nan. Wannan hanyar rijiya ce. A'a, kar ka miƙe, ka zaga ta dama."

"Yaya, nan ya fi kusa."

"Maƙabarta ce nan. Ta kan Inna Kulsumu za ka bi da mu?"

Sha'aibu ya zaga. Tsohon ya ɗaga hannu ya yi wa mutanen ƙasa sallama da addu'a, duk suka shafa.

"Yanzu muna ƙofar gidan Sarkin Aska," in ji Mahmudu. Muryarsa ta fara sakewa. "Ga lungun marina. Rage gudu, lungun ƙunci ne da shi."

"Kar in goge musu bango," in ji Sha'aibu, amma ya rage.

"Muna ina?" Ubale ya tambayi Rumaisa.

"Baba ya ce lungun marina."

"To gaya wa mutumin nan akwai tsamiya a hagu."

"Gaya masa an sare ta tun kafin ruwa ya zo," in ji Mahmudu. "Shi ya saye gawayin."

Tsohon ya yi dariya har da tari.

Sun zo tsakanin wasu kututture biyu sai Mahmudu ya ce a tsaya. Ya dubi dutsen shanya a bayansu, ya dubi tudun da ke gabas, ya daɗe yana auna su da ido. Ya ce a nan ne, bayan masallaci, don yana bisa kafaɗa yana ganin rufinsa daidai da wancan tudun. Sha'aibu ya zura maganaɗisun. Sau shida yana fitowa da laka da guntun gwangwani. A na bakwai igiyar ta ƙi tahowa.

Sha'aibu ya tuɓe riga ya faɗa. Zurfin ruwan bai fi tsayin mutum biyu ba. Ya fito da wani fallen ƙarfe da tsatsa ta cinye, ya miƙa wa Rumaisa, ya koma. Ta sa wa kakanta a hannu. Ya bi bakinsa da yatsa, ya ce duron Riruwai ne, ga ramukan ƙusoshinsa nan a jere, tazarar yatsa uku-uku. Sha'aibu ya yi nutso biyar, yana fitowa yana huci. A na ƙarshe ya ce ya ɗaure wani abu mai nauyi da ya kafe a laka, shi kaɗai ba zai iya ba.

Mahmudu ya saki gefen jirgin. Ya kama igiyar, ƙaninsa ya hau ya kama bayansa, suka ja tare. Jirgin ya karkata har ruwa ya ɗan shigo ta gefe. Sannan abin ya saki, ya taho a hankali, baƙi, laka tana zuba daga jikinsa. Suka ajiye shi a gaban tsohon, jirgin ya amsa da wata ƙara mai zurfi.

Ubale ya ɗora tafukansa biyu a kai. Ya share lakar da babban yatsa, ya lalubo wani ɗan kwari a gefe inda masaɓar kakansa ta cinye ƙarfen, ya bar yatsansa a wurin. Daga kudu iska ta taso mai ƙanshin ruwa.

"Amaryata," ya ce daga baya, "ƙafata ta jiƙe. Ruwa ya shigo jirgin nan."

"Kaɗan ne, Kaka."

"To gaya wa mutumin nan, ga ƙwarya can. Da ita ake kwashewa."

Mahmudu ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa, Rumaisa ta kasa gane dariya yake ko kuka. Ya ɗauki ƙwaryar ya fara kwarfe ruwan yana zubarwa waje. Sha'aibu ya juya kan jirgin, ya tambayi yayansa ta wace hanya za su koma.

"Ta kasuwa," in ji Mahmudu. "Ta fi faɗi."